Tsohuwar kwamfuta ba ta mutu ba, kaya ne suka yi mata yawa

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaron da ya saba turowa kowane wata. An bar wata ƙofa ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, amma wa'adin da aka sanar wa ɗaiɗaikun mutane a 2025 shekara ɗaya ne tak, zuwa 13 ga Oktoba na 2026. Mafitar da kamfanin ya nuna ita ce a koma Windows 11. Sai dai Windows 11 tana da zaɓe: tana neman RAM aƙalla giga 4, wurin ajiya giga 64, da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, sannan a na'urorin Intel ba ta yarda da furosesar da ba ta kai zubi na takwas ba, wato galibin waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen 2017.

Duk wanda ya taɓa leƙa shagunan kwamfutocin hannu a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san wannan sharaɗi ya kori akasarin abin da ke kan kanta. Haka ma wadda yaya ya aiko daga Faransa ko Beljiyam, ko wadda kawu ya ɗauko a jaka daga Abijan. HP da Dell da Lenovo ne masu shekara goma, sha biyu, wasu har sha biyar, masu RAM giga 2 ko 4. Da yawa ma har yau Windows 7 ce a kansu, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020.

Irin wannan kwamfuta kowa ya san halinta. Ka kunna ta, ka ɗora shayi, sai ya kusa tafasa kafin ta gama buɗe ido. Ka danna Word, fanka ta fara kuka. Daga nan sai a yanke mata hukunci cewa ta mutu, a tura ta ƙarƙashin gado, ko a kai ta Katako a sayar da ita a matsayin ƙarfe. Alhali da yawansu lafiyarsu lau. Abin da aka ɗora musu ne ya fi ƙarfinsu.

Rumbu, turmi da mai daka

Hanya mafi sauƙi ta gane matsalar ita ce a dubi tsakar gida. Faifan ajiya na kwamfuta rumbu ne, nan ake zuba komai. RAM turmi ne. Furosesa kuwa ita ce mai daka. Duk girman rumbu, mai daka ba ta iya aiki sai da abin da ya shiga turmi. Idan turmin ya cika, dole ta kwashe wani ɓangare ta mayar rumbu, ta ɗebo wani, ta sake komawa. Wannan kai da kawo shi ne nauyin da kake gani a allo, lokacin da linzami ya daskare, fitilar faifai kuma tana ta ƙyaftawa.

Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda muka fi sani da sistem, ita ma a cikin turmin take zaune. Windows 10 mai bit 64 a takarda giga 2 take nema, amma a zahiri kafin ka buɗe komai ta riga ta cinye mafi yawansa. Ƙara mata manhajar kashe ƙwayoyin cuta da ƴan abubuwan da ke tashi da kansu a ɓoye, sai ka tarar babu wurin zuba ko tafin hannu na gero.

Dabarar manhaja marar nauyi ke nan gaba ɗayanta: a sa sistem ɗin da zai zauna a gefe guda na turmin, ya bar sauran ga aikinka. Kusan duk irin waɗannan manhajoji daga gidan Linux suka fito.

Sunan yana tsorata wasu, suna ganin abin ƙwararru ne masu rubuta umarni a baƙin allo. Amma duk mai wayar Android yana yawo da Linux a aljihunsa, domin a kan zuciyar Linux aka gina Android. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991 a Jami'ar Helsinki, ya sake ta ga kowa. Lasisinta ya halatta a kwafa, a rarraba, a gyara. Saboda haka ne ake da ire-irenta ɗaruruwa. Debian ta fito a 1993. Ubuntu, wadda ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya kafa a kan Debian, ta fito a 2004. Jandarmomin Faransa ma sun daɗe da mayar da dubun-dubatar kwamfutocinsu kan wani zubi na Ubuntu da suka yi wa kansu. Ba wasan yara ba ne.

Wannan batu na lasisi yana da amfani na kai tsaye a wurinmu. Mutum ɗaya ya sauke manhajar, duk fada ta kwafa a kile, ba tare da an saci komai ba, ba kuma tare da "kirak" ɗin nan da ba wanda ya san abin da aka cusa cikinsa ba.

Kowace da nata gwargwado

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ji "Linux" sai a sauke Ubuntu ta asali a ɗora wa kwamfuta mai giga 2. Ita ma nauyi gare ta, kuma wanda ya fara da ita a kan tsohuwar na'ura yakan koma yana cewa duk ƙarya ce. Bambancin yana ga fuskar manhajar, wato abin da ke zana taga, maɓallai da jerin manhajoji a allo. Wata fuskar ado ce mai cin wuri, wata kuwa ba ruwanta da kwalliya.

Idan na'urar tana da giga 4, Linux Mint mai fuskar Xfce ta fi dacewa da wanda ya saba da Windows. Maɓallin farawa yana ƙasa a hagu inda ka san shi, akwai Faransanci cikakke, kuma da wuya ka buƙaci rubuta umarni. Masu ita da kansu sun ce giga 2 ne mafi ƙaranci, amma giga 4 ne ke sa a ji daɗinta, kuma gaskiya suka faɗa. Xubuntu ƴar uwarta ce a wannan mataki.

A giga 2, Lubuntu mai fuskar LXQt tana da sauƙin kai, tana barin fiye da rabin turmin ga mai aiki. Akwai kuma Emmabuntüs, wadda ta cancanci a san ta a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Wasu masu aikin sa kai ne a Faransa suka haɗa ta domin farfaɗo da kwamfutocin da ake bai wa ƙungiyar agaji ta Emmaüs kyauta, yanzu a kan Debian take, kuma an yi amfani da ita wajen kafa ɗakunan kwamfuta a makarantun Togo. An yi ta ne da tunanin mutumin da bai taɓa ganin Linux ba, shi ya sa take zuwa da manhajoji da yawa tun daga farko, abin da ke rage buƙatar intanet bayan an ɗora ta.

Daga giga 1 zuwa ƙasa, magana ta koma wurin antiX da Puppy Linux. Ita antiX idan ta tashi abin da take ci bai wuce mega ɗari biyu zuwa uku ba. Fuskarta ta tsufa, sai ka ce kwamfutar sibar ta shekarun 2000, kuma saita wasu abubuwa a cikinta yana neman haƙuri. Amma tana gudu a inda sauran suka durƙusa. Puppy kuwa, wadda Barry Kauler ya fara a Ostareliya a 2003, ƙarama ce har tana iya kwashe kanta gaba ɗaya ta zuba cikin RAM ta yi aiki daga can. Na'urar da faifan ajiyarta ya lalace ma tana iya tashi da ita daga kile. A ganina Puppy ta fi kyau a matsayin kayan aikin mai gyara, don ceto takardu daga kwamfutar da Windows ɗinta ta ƙi tashi, fiye da manhajar da ɗalibi zai zauna da ita kullum.

Kafin duk wannan akwai tambayar da ya kamata a fara yi: furosesar mai bit 64 ce ko mai bit 32? Yawancin kwamfutocin da aka ƙera daga zamanin Core 2 Duo zuwa yau masu 64 ne, ko da an ɗora musu Windows mai 32. Amma ƙananan nan masu allon inci goma da suka cika kasuwa wajen 2008 da 2009, masu furosesa Atom N270, bit 32 ne kawai. Su kam ƙofa tana rufe musu. Lubuntu ta daina yin zubin 32 tun bayan 2018. Debian 13, da ta fito a Agustan 2025, ba ta da manhajar ɗorawa ta 32. Chrome ya bar Linux mai 32 tun 2016, Firefox ma daga zubi na 144, na Oktoban 2025, ya tsaya, in ban da zubinsa na dogon zango da aka yi wa alkawarin gyara zuwa Satumban 2026. Har yanzu antiX da Debian 12 suna ɗaukar su, amma kada wani ya sayi irin wannan na'ura yau yana tsammanin shekara biyar a intanet.

Inda Linux ba ta da magani

Nan ne masu tallata Linux kan yi shiru, kuma nan ne gaskiyar lamarin take. Sistem marar nauyi yana rage nauyin sistem ne kawai. Ba ya rage nauyin intanet.

Shafukan intanet na yau ba takardu ba ne, manhajoji ne cikakku da ke gudana a cikin burauza. Facebook, Gmail, YouTube, WhatsApp na kwamfuta, kowannensu yana iya cin ɗaruruwan mega shi kaɗai. Firefox ɗin da ke kan antiX shi ne dai Firefox ɗin da ke kan Windows, cikinsa ɗaya. Wanda ya ɗora antiX a na'ura mai giga 1, ya ga ta tashi kamar walƙiya, ya yi murna, sannan ya buɗe shafuka biyar, zai koma gidan jiya cikin minti biyu.

Akwai ƴan dabarun rage zafi. Na farko, a sa wa Firefox ƙarin uBlock Origin, wanda ke tare tallace-tallace da manhajojin bin sawu. Yana rage cin RAM, yana kuma rage cin mega, abin da duk mai sayen fas ɗin intanet zai gane amfaninsa. Na biyu, a kunna zram, wata hanya da Linux ke matse abin da ke cikin RAM maimakon mayar da shi faifai, kamar mai danna kaya a buhu don ya ƙara ɗauka. A na'ura mai giga 2 ana jin bambancin. Bidiyo kuma a sauke shi zuwa 360 ko 480. Tsofaffin na'urori da yawa suna da guntun da ke karanta bidiyo nau'in H.264, amma ba su san VP9 da AV1 da YouTube ke yawan turowa yanzu ba, sai furosesa ta ɗauki aikin da kanta, ta yi zafi, hoto ya dinga tsinkewa. Akwai ƙananan ƙari na burauza da ke tilasta wa YouTube turo H.264. Duk da haka, shafi biyu ko uku a lokaci guda shi ne iyakar na'ura mai giga 2. Mai son TikTok da kiran bidiyo, wayarsa ta fi masa.

Akwai kuma manhajojin da babu su a Linux sam: Microsoft Office na ɗorawa, Photoshop, AutoCAD, manhajojin lissafin kuɗi irin su Sage, da yawancin kayan aikin masu gyaran waya. Wanda abincinsa ya dogara da ɗayansu, kada ya goge Windows don wani ya burge shi da magana a fada.

To me ta iya?

Rubutu, lissafi da karatu. Kuma idan aka duba da kyau, wannan shi ne abin da ya fi damun ɗalibin da ke Jami'ar Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo, ko André Salifou, ko Djibo Hamani. Ba a rubuta memuwar mai shafi tamanin a kan waya. Wanda ba shi da kwamfuta sai ya kai rubutun hannu sakatariya a buga masa, ya biya kuɗin kowane shafi, malami ya yi gyara, ya koma ya sake biya. Tsohuwar kwamfuta mai LibreOffice tana raba shi da wannan.

LibreOffice tana buɗe takardun Word da Excel da PowerPoint, tana kuma ajiyewa a tsarinsu. Amma akwai tarko biyu. Haruffan Times New Roman da malamai ke nema ba sa zuwa tare da Linux. Akwai Liberation Serif da aka ƙera daidai da faɗinsu, don haka shafuka ba sa gocewa, kamar yadda Carlito ke tsaya wa Calibri. Na biyu, takarda mai tebura da hotuna da yawa takan ɗan sauya fasali idan aka buɗe ta a Word. Maganin wannan shi ne a mayar da ita PDF kafin a kai wurin bugawa. Maɓalli ɗaya ne.

Wani abin da duk ɗalibi zai yaba: cutar nan ta kile da ke ɓoye fayiloli ta bar maka gajerun hanyoyi, wadda ake ɗaukowa a sakatariya da sibar, ba ta aiki a Linux, domin an rubuta ta ne don Windows. Kana soka kilen za ka ga fayilolinka da aka ɓoye, ka ga ita cutar ma a fili, ka goge ta. Wannan ba ya nufin Linux ba ta da rauni. Mai danna kowane mahaɗi yana bayar da kalmar sirrinsa, babu manhajar da za ta cece shi.

Ga masu rubutu da Hausa kuwa, Linux tana zuwa da tsarin madannai na Hausa a cikinta, ɗaya na Najeriya ɗaya na Gana, ba tare da an sauke komai ba. Sai dai an tsara su a kan QWERTY, don haka mai kwamfutar da ta zo daga Faransa da AZERTY sai ya ɗan saba, ko ya dinga sauyawa tsakanin Faransanci da Hausa.

Sannan akwai Kiwix, manhajar da ke buɗe Wikipedia ba tare da intanet ba. A sauke fayil ɗin Faransanci ko na Hausa sau ɗaya a inda ake da intanet mai ƙarfi, a kwafa wa kowa. Mai koyon Python ko gina shafukan intanet ma ba ya buƙatar na'ura mai tsada. A wannan fanni Linux gida ce.

A gwada kafin a goge

Ba sai an taɓa Windows ba kafin a san ko na'ura za ta karɓi Linux. Ana sauke fayil ɗin manhajar, a rubuta shi a kile mai giga 8 da Rufus ko Ventoy, a kunna kwamfuta ana danna maɓallin zaɓen abin da za ta tashi da shi: F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP, Esc a Asus. Manhajar za ta tashi daga kilen ba tare da ta rubuta komai a faifai ba. A nan ne za a duba sauti, allo, linzami, da musamman wifi. Wasu tsofaffin na'urori masu guntun wifi na Broadcom ba sa kamawa sai an sauke musu ƙarin direba. Idan haka ta faru, a haɗa wayar Android da igiyar caji a raba intanet ta USB, Linux tana gane wannan nan take. Mai firinta ma ya gwada ta: na HP galibi suna tafiya lafiya, wasu ƙananan na Canon kuwa suna wahalarwa.

Fayilolin ba ƙanana ba ne. Mint da Lubuntu kowannensu yana kusa da giga 3, antiX ba ta kai giga 2 ba, Puppy ƙasa da giga 1. Kuma kafin a danna maɓallin ɗorawa, a kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri. Zaɓin "goge faifai duka" yana yin abin da ya faɗa.

Wani lokaci kuma ciwon ba na manhaja ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Afrilu da Mayu ya ƙarasa sauran, furosesa ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Buɗe na'ura a hure ƙura, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, yana dawo da ƙarfin da aka ɗauka tsufa ne ya cinye. Idan akwai ɗan kuɗi, abu biyu ne suka fi kowace dabara: ƙara RAM zuwa giga 4 idan na'urar tana ɗauka, da cire tsohon faifai mai juyawa a sa SSD, ko da mai giga 120 ne. Core 2 Duo mai SSD da giga 4 da Mint wata kwamfuta ce daban. Batir ɗin da ya mutu kuwa Linux ba ta tayar da shi. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, a saita LibreOffice ta dinga ajiye bayanan ceto kowane minti biyu ko uku.

Ga masu aikowa daga waje

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar kayan lantarki ya ce duniya ta zubar da tan miliyan 62 a 2022, kuma abin da aka tabbatar an tattara an sarrafa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Tsakanin kyautar da za ta amfani ƙane da sharar da aka sauya wa mazauni, bambancin ƴan tambayoyi ne da mai aikowa zai iya amsawa kafin ya rufe jaka.

Furosesar ta kasance mai bit 64. RAM ya kai giga 4, ko a sayo ƙarin a can, inda tsofaffin DDR3 suka fi saukin samu, a sa kafin a aiko. Na'urorin ofis irin su ThinkPad, Latitude da EliteBook sun fi na gida ƙarko da sauƙin kwancewa, kuma kayan gyaransu sun fi yawa a hannun masu gyara. A guji ƙananan nan masu wurin ajiya giga 32 da RAM da aka liƙe a jikin allon na'ura, domin ba a ƙara musu komai. A haɗo da cajarta ta asali. Idan da hali, a ɗora Linux ɗin tun daga can inda intanet ba ya ƙarewa, a sauke sabuntawa duka, a sa Faransanci da Kiwix, a goge bayanan tsohon mai ita.

A kuma shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirri. Kamfanoni da yawa suna kulle na'urorinsu a nan kafin su raba wa ma'aikata, wani lokaci kuma a sayar da su ba a cire ba. Kwamfutar da aka hana tashi daga kile, aka kuma kulle BIOS ɗinta, ba a iya ɗora mata sabuwar manhaja ta hanyar da aka saba, kuma a wasu ThinkPad cire wannan kulli yana kaiwa ga taɓa guntun da ke jikin allon na'urar ko sauya allon gaba ɗaya, aikin da kuɗinsa kan wuce darajar kwamfutar.